Yadda Ake Gane Hannun Abincin Saniya a Tsamin Madara, da Yadda Ake Gyarawa

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40 kuma ciyawar daji ta ƙare, kuka iri ɗaya ake ji daga masu shanun tatsa da masu sayen madara. An tatso madara da asuba, an ɗora ta a wuta kafin hantsi, sai ta tsinke. Ko kuma mai tara madara ya gwada ta da alkol ya ce ba zai karɓa ba, alhali idan aka ɗanɗana babu alamar tsami a baki. Abincin saniya aka fi ɗora wa laifi: wani ya ce ƙasarin da ta sha ne, wani ya ce dusar da ta kwana a jiƙe ce ta bi jini ta sauka a hantsa. Akwai gaskiya a zargin abinci, sai dai ba ta hanyar da ake zato ba, kuma wanda bai bambance hanyoyin ba yakan kashe kuɗi wurin canza abinci alhali matsalar tana cikin ƙwaryar tatsa, ko ya yi ta wankin ƙwarya alhali saniyar yunwa take ji.

Tsami iri biyu ne

Madarar da ta fito daga lafiyayyar hantsa tana da ɗan tsami na asali wanda harshe ba ya ji. A ma'aunin pH tana tsakanin 6.6 da 6.8, wato kaɗan ƙasa da 7, inda abu ba tsami ba kanwa. A ma'aunin Dornik, wanda masana'antun madara na ƙasashe masu amfani da Faransanci suka fi aiki da shi, tana tsakanin digiri 14 da 18. Wannan tsami na asali ba ya nufin lalacewa. Yana fitowa ne daga abubuwan da ke cikin madarar tun a hantsa, musamman furotin ɗin da ake kira kazin, wanda shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin madara, sai sinadarin fosfat da na sitrat da ɗan iskar da ke narke a ciki. Saboda haka madarar da ta fi kauri da albarka ita ce ke nuna lamba mafi girma, kuma madarar shanu masu tozo irin Azawak da Bororo, da yake ta fi ta shanun Turai maiƙo da kauri, ba abin mamaki ba ne ta tsaya a saman wannan iyaka tana sabuwa fil.

Tsami na biyu shi ne wanda kowa ya sani, wanda ke mayar da madara nono ko kindirmo. Ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, wato bakteriya, ke cin sukarin madara su mayar da shi asid na laktik, kuma wannan aiki ba ya farawa sai bayan madara ta bar hantsa. A yanayin zafi irin namu waɗannan ƙwayoyi suna iya ninkuwa cikin minti 20 zuwa 30, kuma kariyar da sabuwar madara ke da ita ta halitta ba ta wuce awa biyu zuwa uku. Idan tsamin ya kai wajen digiri 25 na Dornik, madara takan tsinke da zarar ta tafasa.

Abincin saniya yana da iko a kan tsami na farko, yana ɗaga shi ko ya saukar da shi da ƴan digiri, kuma yana da iko a kan ƙarfin madarar na jure wuta da alkol. Amma ba ya zuba asid a cikin hantsa. Dalili kuwa shi ne jinin saniya, wanda daga cikinsa hantsa ke haɗa madara, jiki yana riƙe shi a wajen pH 7.4, kuma huhu da ƙoda ba sa barin ya kauce sosai sai dabba tana cikin ciwo mai tsanani. Ƙasari mai tsami yana tsayawa a tumbi. Abin da yake yi wa madara, idan ya yi, ta hanyar ɓata tumbin yake yi.

A fara da gwaji, kafin a taɓa abinci

Aikin farko shi ne a gano wane tsami ake fama da shi, kuma ba a buƙatar ɗakin bincike don haka. A wanke hannu da hantsa, a share da tsumma mai tsabta, a zubar da tsirtuwar farko ta kowane kan nono, sannan a tatsi kaɗan a cikin kofi mai tsabta da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa. Nan take, kafin minti 10 su wuce, a zuba mililita 2 na madarar a ƙaramin kofin gilashi ko a farantin da ke da duhun launi, a ƙara mililita 2 na alkol mai ƙarfin 70, irin wanda ake samu a kantin magani, a jujjuya a hankali. Idan haɗin ya kasance sumul, madarar tana da ƙarfi. Idan gudaji suka bayyana suna manne wa gefen kofin, ta gaza. Sirinjin allura marar tsini ya isa wurin awon, muddin an ware ɗaya don madara ɗaya don alkol.

Bayan haka a ɗebi wani ɓangare na madarar a tafasa a cokali ko a ƙaramar tukunya. Sai a maimaita gwaje-gwajen biyu a kan madarar da ke cikin jarka ko ƙwaryar da aka saba tarawa, a lokacin da aka saba kai ta ga mai saye. Amsar tana cikin kwatanta sakamakon biyu. Idan madarar da ta fito daga hantsa yanzu ta tsallake, amma ta cikin jarka ta gaza, babu ruwan abinci: laifin na tsabta ne, ko na zafi, ko na jinkiri, ko na haɗa madarar daren jiya da ta safiya. Idan kuwa madarar da ba ta yi minti 10 da barin hantsa ba ta yi gudaji a alkol, ƙwayoyin halitta ba su sami lokacin yin komai ba tukuna, don haka sai a koma kan saniyar kanta.

Wanda ke da halin samun kayan awon Dornik, kamar ƙungiyar masu kiwo ko mai sana'ar yogot, zai fi ganin lamarin sarai. Ana zuba mililita 10 na madara a kofin gilashi, a ɗiga ɗigo biyu ko uku na fenolftalen, wani ruwan gwaji mai canza launi, sannan a riƙa ɗiga ruwan soda na Dornik ana jujjuyawa har madarar ta ɗauki launin hoda mai haske wanda ba ya gushewa nan da nan. Kowane kashi ɗaya cikin goma na mililitar soda da aka zuba digiri ɗaya ne. Idan an zuba mililita 1.6, madarar tana da digiri 16. Cibiyoyin tara madara irin na Hamdallay da Kollo, masu kai wa masana'antun Yamai, gwaje-gwaje na wannan iri suke dogara da su wurin karɓa, kuma duk mai niyyar sayar wa masana'anta gara ya saba da su tun a gida.

Abu ɗaya da ake yawan tsallakewa shi ne a gwada kowace saniya ita kaɗai. Madarar saniya ɗaya mai rauni tana iya jawo a ƙi jarka guda, kuma idan an riga an haɗa, ba a san wadda za a yi wa gyara ba.

Yunwar rani, wadda ita ce babbar matsalarmu

A ƙasar Adar da Azawak ba ƙoshi ne ya fi ɓata madara ba, yunwa ce. Daga watan Maris zuwa saukar damana, abin da yawancin shanu ke samu shi ne karan hatsi da busasshiyar ciyawar da rana ta cinye, waɗanda ke cika ciki amma furotin ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. Saniyar da ba ta samun isasshen kuzari da furotin tana rage kazin a madararta, sukarin madarar ma yakan ragu, kuma ma'aunin gishirin da ke cikinta yakan karkace, har kalsiyam ɗin da ke yawo sake a madarar ya yi yawa a kan abubuwan da ke ɗaure shi. Sakamakon abin mamaki ne ga wanda bai taɓa gani ba: a ma'aunin Dornik madarar tana daidai ko ma ƙasa da daidai, digiri 13 ko 14, amma tana yin gudaji a alkol kamar wadda ta kwana. Masu binciken kiwo a Barazil da Kuba sun daɗe da sanin wannan hali, har sun ba shi suna, wato madarar da ba ta da tsami amma ba ta da ƙarfi, kuma abin da suka fi alaƙanta shi da shi shi ne ƙarancin abinci, sai zafi da tsufan tatsa. Irin wannan madara ba ruɓaɓɓiya ba ce, kuma ana iya shanta a gida bayan an tafasa, amma mai saye da alkol kawai yake aiki ba shi da hanyar bambance ta da mai tsami.

Gyaran yana farawa da lissafin abin da saniya ke bukata. A rana ɗaya saniya mai tatsa tana cin busasshen abinci da ya kai kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na nauyinta. Ke nan saniyar Azawak mai kilo 300 tana neman kilo 7.5 zuwa 9. Yana da kyau mai kiwo ya rataya sikeli sau ɗaya ya auna damin da yake bayarwa da tiyar da yake ɗibar dusa da ita, domin ido yana yaudara, musamman a kan kara, wanda girmansa ya fi nauyinsa, kuma saniya takan bar sandunan ta ci ganyen kawai. Abin da ta bari a ƙasa ba a lissafa shi cikin abin da ta ci.

Bayan yawa sai inganci. Harawar wake da ta gyaɗa su ne ginshiƙin gyaran, domin suna da furotin da kalsiyam, kuma suna da tsawon da ke sa saniya ta yi tuƙa. Kilo 2 zuwa 3 na harawa a rana a kan kara yana canza yanayin saniya fiye da yadda ƙarin dusa kaɗai zai yi. Tsadar harawa a rani sananniya ce, shi ya sa mai shanun tatsa ya kamata ya saye ta da kaka, ya adana a inuwa ko a rumbu, ba a kan rufin ɗaki a buɗe ba, inda rana ke ƙone ganyen, iska ta kwashe. Ƴaƴan gawo, waɗanda ke zuba a daidai lokacin da ake tsananin bukata, suna da furotin mai kyau, kuma idan an daddaka su saniya ta fi amfana da ƙwayar, wadda in ba haka ba takan fita a kashi yadda ta shiga. Tunkuzar auduga ita ma tana cike giɓin furotin, amma a shinshina ta a duba: wadda ta yi fumfuna a zubar, kada a ce asara ce. A gefen Yamai masu kiwo suna da burgu na bakin kogi, wanda mu a Tawa ba mu da shi sai abin da fadamu da lambuna suka bayar na ganye da ciyawa.

Game da dusa da tunkuza, ƙa'idar da ake bi ita ce kilo ɗaya na haɗinsu a kan kowace lita 2 zuwa 2.5 da saniya ke bayarwa, har da abin da maraƙi ke sha, wanda mutane kan manta su sa a lissafi. Kada a zuba wannan adadi a rana guda ga saniyar da ba ta saba ba. A fara da rabin kilo, a riƙa ƙarawa bayan kowane kwana uku ko huɗu, har a kai inda ake so cikin mako biyu zuwa uku, domin ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbi suna bukatar wannan lokaci kafin su saba da sabon abinci. Haka kuma kada a sa ran gwajin alkol zai gyaru washegari. A riƙa maimaita shi sau biyu a mako, a ba saniyar waɗannan makonni kafin a yanke hukunci. Tsallaken abinci ma yana da nasa lahani: saniyar da ake ba dusa yau, gobe a hana ta saboda ba a samu a kasuwa ba, madararta takan yi ta hawa da sauka, don haka kaɗan kullum ya fi da yawa jefi-jefi.

Idan dusa ta yi yawa

Kishiyar wannan matsala ana ganinta a cikin gari, wurin shanun da ke ɗaure a gida, waɗanda mai su ke son ganin madara da yawa sai ya cika musu kwano da dusar alkama, garin masara, ƙasari, ƙanzo da ragowar tuwo ko shinkafar biki, ciyawa kuwa kaɗan. Lafiyayyen tumbi yana aiki ne a pH 6 zuwa 7. Abinci mai gari da sitaci yana narkewa da sauri ya fitar da asid mai yawa, kuma da yake ba ya bukatar tuƙa, yawun da ya kamata ya kashe wannan asid ba ya sauka. Yawun saniya yana ɗauke da sinadari mai kama da kanwa, kuma babbar saniya mai cin ciyawa sosai tana iya haɗiye fiye da lita 100 nasa a rana. Idan pH ɗin tumbi ya sauka ƙasa da 5.8 na tsawon awoyi a kowace rana, saniya ta shiga halin tsamin tumbi na ɓoye. Idan ya faɗi ƙasa da 5, kamar yadda kan faru ga wadda ta ɓalle ta afka wa buhun hatsi, wannan ciwo ne mai kisa da ke bukatar likitan dabbobi nan take.

Abin da tsamin tumbi ke yi wa madara, na farko kuma mafi bayyana, shi ne rage maiƙo. Matar da ke kaɗa nono ita ke fara lura, domin man da take samu a ƙwarya ɗaya ya ragu. Bayan haka saniya takan riƙa cin abinci yau ta ƙi gobe, sai ta koma cikin yunwa alhali kwanonta a cike yake, kuma idan tsamin ya fara matsa wa jini, kalsiyam ɗin da ke sake a madara yakan ƙaru, madarar ta rasa ƙarfinta a gaban alkol. Ta wannan doguwar hanya ce kawai abinci mai tsami ko mai gari ke isa ga madara.

Alamomin suna bayyane ga mai lura. Kashin saniya yakan yi ruwa-ruwa da kumfa, wani lokaci da ƙwayar hatsin da ba ta narke ba. Tuƙa takan ragu. Bayan makonni kofato yakan yi ciwo, saniya ta riƙa ɗingishi. A lokacin hutun rana a tsaya a dubi garken: aƙalla rabin shanun da ke kwance ya kamata a gan su suna tuƙa. Gyaran ba shi da wuya. A fara ba da kara ko harawa da safe, sai bayan ta ci na ɗan lokaci a kawo dusa. A raba dusar kashi biyu ko uku a yini, kada ta wuce kilo 2 a zama ɗaya. Ciyawa da kara da harawa su kasance fiye da rabin abin da take ci idan aka auna a bushe. Kada a niƙe kara ya zama gari. A sassare shi gajeru kamar tsawon yatsa, yadda zai rage ɓarna amma ya ci gaba da jawo tuƙa. Dusar da aka jiƙa a ba da ita a lokacin, kada ta kwana, kuma a wanke kwanon, domin a nan ƙudaje ke tashi su sauka a kan ƙwaryar tatsa, wanda wata hanya ce da jiƙaƙƙiyar dusa ke iya sa madara tsami bayan an tatso ta.

Fosfor, kalsiyam da maganar kanwa

Kowace litar madara tana fitar da wajen giram 1.2 na kalsiyam da giram 0.9 na fosfor daga jikin saniya, don haka mai ba da lita 5 tana rasa giram 6 na ɗaya da giram 4.5 na ɗayan kullum, ban da abin da jikinta ke bukata. Ƙasar Sahel an san ta da ƙarancin fosfor, ciyawar da ta tsiro a kanta ma haka, kuma da yake fosfat yana cikin abubuwan da ke ba madara tsaminta na asali, saniyar da ta daɗe cikin wannan ƙaranci madararta takan nuna lamba ƙasa. Idan aka ga saniya tana tauna ƙashi, tsumma ko itace, ko tana lasar ƙasa ba ƙaƙƙautawa, a ɗauka tana neman ma'adini, kuma a kawar da ƙasusuwan mushe daga inda take kiwo, domin suna iya ɗauke da gubar da ke shanye jikin dabba.

Dusar alkama da tunkuzar auduga suna da fosfor da yawa amma kalsiyam kaɗan. Harawa kuwa akasin haka take. Wannan wani dalili ne na haɗa su maimakon a dogara da ɗaya. Kantun gishiri, ko tafiyar da makiyaya ke yi zuwa ƙasar Ingal a ƙarshen damana don dabbobi su lashi gishiri, suna biyan bukatar gishiri, amma gishiri ba ya maye gurbin fosfor. Don wannan sai dutsen lasa mai haɗin ma'adinai, wanda ake samu wurin masu sayar da magungunan dabbobi, kuma a karanta takardarsa a tabbatar akwai fosfor a ciki.

Kanwa tana da amfani a wurinta. Tana kashe tsamin tumbi, shi ya sa ɗan kaɗan a ruwan sha ko a dusa yake taimaka wa saniyar da ke cin gari da yawa. Amma ƙarfinta ya bambanta daga wata zuwa wata, yawanta yana kawo zawo, kuma ba ta da abin da za ta yi wa saniyar da yunwa ce ke damunta. Adadin da ya dace a tambayi ma'aikacin kiwo na yankin. Zuba kanwa ko soda a cikin madarar kanta don a ɓoye tsami kuwa, wannan ha'inci ne, kuma ƙwayoyin da suka ɓata madarar suna nan daram, mai sha ne zai ɗauka.

Ruwa, inuwa da sabuwar ciyawa

Wajen kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne, kuma saniyar da ba ta sha ta ƙoshi ba ba ta cin busasshen abinci yadda ya kamata. Shayarwa sau ɗaya a yini a bazara bai isa saniya mai tatsa ba. Zafi kansa yana rage ci, kuma saniyar da ke haki tana dalalar da yawu a ƙasa tana asarar abin da zai kare tumbinta, don haka rumfa ta zana ko inuwar bishiya, da mayar da babban ciyarwa zuwa asuba da maraice, suna cikin gyaran abinci.

Da saukar ruwan farko kuma, sabuwar ciyawa ruwa ce zalla, ba ta da zaren da ke jawo tuƙa, sai a ga zawo da raguwar maiƙo na ɗan lokaci. A ajiye ɗan kara ko harawa da za a riƙa bayarwa da safe kafin a saki shanu, na mako biyun farko. Ganyen albasa da na tafarnuwa, waɗanda ke wadace a lokacin girbi a yankin Galmi da Madawa, suna sa wa madara wari da ɗanɗano, amma wannan ba tsami ba ne. Idan za a bayar, a bayar bayan tatsa, kada a bayar a awoyin da ke gabanta.

Abubuwan da ke kama da laifin abinci

Kafin a yanke cewa abinci ne, a tambayi yaushe saniyar ta haihu. Dakashi da madarar kwanakin farko suna da lambar Dornik mai girma saboda yawan furotin, kuma suna tsinkewa a wuta. Wannan rabon maraƙi ne, kuma ba a haɗa shi da madarar sayarwa sai mako guda ya wuce. Saniyar da ta daɗe ana tatsa, ta kusa ƙafewa, madararta takan yi ƙasa a ma'auni, ta ɗan yi gishiri-gishiri, ta kuma gaza a alkol ko da tana ƙoshi. Ciwon hantsa ma yana saukar da tsami, ya tura pH sama da 6.8, kuma sau da yawa ba a ganin kumburi. A tatsi kowane kan nono daban a kan baƙin faranti a nemi gudaji ko ruwa-ruwa, ko a nemi ma'aikacin kiwo ya yi gwajin CMT, wato gwajin gano ciwon hantsa na ɓoye. Idan kan nono ɗaya ne kawai ya bambanta da sauran ukun, ba abinci ba ne, domin abinci duka huɗun yake shafa. Madarar da aka ƙara wa ruwa ita ma tana nuna lamba ƙasa, kuma ma'aunin kauri, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 1.028 da 1.033, shi ke tona wannan.

Mai kiwon da ke son ya riƙe zaren duk waɗannan abubuwa ya buɗe ɗan littafi, kowace saniya da shafinta: ranar haihuwa, abin da take ci da nauyinsa, litar da ta bayar, da sakamakon alkol ko Dornik sau biyu a mako. Idan za a canza abinci, a canza abu ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aiki ba. Masu yin cuku a yankin Abalak da Cintabaradan suna da wani ma'auni a hannunsu ko da babu alkol, domin madarar da kazin ɗinta ya ragu kuma tsaminta na asali ya sauka takan yi jinkirin kamawa, ta ba da daskararre mai taushi da ke wargajewa a kan tabarma, kuma cukun da ke fita daga lita ɗaya ya ragu. Idan aka ga haka a tsakiyar rani a madarar shanu da yawa lokaci guda, a fara da ƙara harawa da dutsen lasa da shayarwa ta biyu, a rubuta ranar da aka fara, sannan a sake auna yawan cukun da lita 10 ke bayarwa bayan mako uku.